Kantin da Ya Ƙi Tashi daga Lunde

Sivert Moen bai ko kwana a Lunde ba sai da ya yi wa kansa maƙiyi, kuma ba wanda ya jawo masa sai bakinsa.

Keken doki ne ya sauke shi a bakin titi a shekarar 1907, ƙanƙara ta gama narkewa ke nan, da akwati guda da wani dogon gwangwani da ya naɗe takardun zanensa a ciki. Shekara da shekaru ya yi a Minneapolis yana zanen gine-gine a ofishin wani, shi ke zane, maigidan ke sa hannu. Ranar da ya ce zai tafi Dakota ta Arewa ya ci gashin kansa, maigidan ya ce ya gaishe masa da kaji, don akurkinsu kaɗai zai samu ya zana a can. Maganar nan ta tsaya wa Sivert a rai. Ya yi wa kansa alkawari cewa gininsa na farko zai zama na gaskiya gaba da baya, kuma sunansa zai zauna a jikinsa inda kowa zai gani.

Titi ɗaya tal gare ta Lunde, a tsakiyar ciyawa, ba itace ba dutse, sai iskar da ba ta san hutu ba. Kantuna a jere hagu da dama, duk na katako, kowanne da fuskar ƙarya: bangon gaba ya zarce rufi ya yi sama, an sha shi da fenti, in ka tsaya a titi sai ka rantse bene ne. Wadda ta fi duka tsayi ita ce ta Halvor Brekke, mai kantin kayan masarufi, kuma mai dawakin jan kaya na garin gaba ɗaya. Har taga biyu ya sa aka zana masa a can sama, da labulensu.

Sivert ya tsaya ya ƙare mata kallo. Ya zaga ta gefe, ya ga dogayen sandunan da aka tokare ta da su ta baya, ya dawo yana dariya shi kaɗai.

Halvor na zaune a barandar kantin da 'yan zaman kashe wandonsa, ƙato ne mai jan gemu, yana tauna taba. Ya tofar, ya ce, "Kai, samari. Me ka gani a bayan kantina da ya ba ka dariya?"

"Ban ga komai ba, Mista," in ji Sivert. "Abin da ya ba ni dariya ke nan. Na zaga in ga benen, sai na tarar da sama da tsuntsaye."

Wani ya kasa riƙewa, ya fashe. Da Sivert na da wayo da ya tsaya nan, amma ina! Ya nuna tagogin fentin da ɗan yatsa. "Har da labule. Wa ke kwana a can sama? Iska?"

Baranda ta kwashe da dariya. Wanzamin garin har da riƙe ciki. Halvor bai yi dariya ba, bai kuma yi fushin da ake gani ba. Ya dubi gwangwanin da ke hammatar baƙon, ya dubi takalmansa na birni, ya ce a hankali, "Ashe Farfesa muka samu. To sannu da zuwa, Farfesa." Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa a wannan ɓangaren na titi.

A tsallaken titi akwai wata da ta ji komai. Ragna Brekke ce, matar marigayi Nils, ƙanen Halvor, mai kantin kayan ƙarfe da kayan noma. 'Yan'uwan nan biyu sun rabu baram-baram tun Nils na raye, da ya mutu kuwa Halvor ya so haɗiye kantin, Ragna ta kore shi da sandar tsintsiya a gaban jama'a. Tun daga nan ba sa ga-maciji. In ta ƙara wa fuskar kantinta katako biyu, kafin mako ya zagayo ya ƙara wa tasa uku. Ko a coci, ita hagu shi dama.

Ta aika aka kira mata baƙon. Ba ta ce ya zauna ba, ba ta ba shi kofi ba.

"An ce kai mai zanen gini ne."

"Haka ne, Misis Brekke."

"Ni ban san zane ba. Ka ga ta ina rana ke fitowa? Ta bayana. Ina son gini wanda in gari ya waye inuwarsa za ta tsallaka titi ta kwanta a ƙofar wancan mutumin. Ya buɗe kanti cikin duhuna, kullum, har ya mutu. Za ka iya?"

Sivert ya ce zai iya, amma da sharaɗi. Ba katako, sai jan bulo, ta ko'ina. Bene na gaske, da matakala da ɗakuna, tagar da duk aka gani daga titi akwai ɗaki a bayanta. Harsashi mai zurfi. Sannan babbar taga a tsakiyar benen, kanta a lanƙwashe kamar baka, dutsen da ke ƙulle bakan a tsakiya a sassaƙa masa sunansa.

"Ka rubuta har sunan kakarka in ka so," in ji ta. "Ni inuwar nake so."

Da suka fito duba filin, Sivert ya sa ƙafa ya daki gindin tsohon kantinta. Ba a ƙasa yake ba, a kan gungumai yake zaune, su kuma a kan 'yan duwatsu. Ya duba na maƙwabta, duk haka. Ya yi tsaki, ya ce wannan wane irin lalaci ne, gari guda ba wanda ya iya haƙa rami?

"Jirgin ƙasa suke jira," in ji Ragna. "Nan ba a gini mai nauyi sai an ga dogo da ido."

"To ke fa?"

Ta ja shi bayan coci ta nuna masa. Turaku ne a jere cikin ciyawa, kowanne da jan ƙyalle, sun miƙe sambal daga gabas zuwa yamma iya ganin ido. Masu awon kamfanin jirgin ƙasa ne suka kafa su bara. Ta ce, "Ga jirgin nan. Matsorata su yi ta jira. Ranar da ya iso ya tarar da kanti ɗaya na gaske a garin nan, kuma nawa ne." Sivert ya dubi turakun, ya ji zuciyarsa ta yi fari. Ko kusa bai ƙara tambayar kowa komai ba.

Bulon daga ƙarshen dogo za a kwaso shi, tafiya mai nisa, kuma ba mai dawakin wannan aikin sai Halvor. Kowa ya zaci zai ƙi. Sai ga shi ya aiko da kansa cewa dawakinsa na nan, duk ranar da aka so. Ragna ta ce ya ga uwar bari ne, ya san an gama da shi. Sivert ma haka ya ɗauka, don abin da yake son ji ke nan.

Aka fara haƙa. Kullum da hantsi sai Halvor ya tsallako, ya tsaya a bakin ramin, hannu a aljihu, ya leƙa.

"Ƙara zurfi, Farfesa. Ƙasar nan tana daskarewa sosai."

"Na san aikina."

"Ai na ga alama. Ƙara dai. Kada ka tausaya wa dutse, zuba shi da yawa. Muna son abin da ko giwa ba ta motsa shi."

"Ka je ka tokare allonka, iska na tasowa."

Halvor ya yi murmushi, ya tofar da taba cikin ramin, ya koma. Washegari ma haka.

Damina ta wuce cikin wannan hali. Maginan da Sivert ya kawo daga waje ba wanda ya yarda ya ba su masauki, sai a rumfar Ragna suka riƙa kwana. In Sivert ya shiga wurin cin abinci sai hira ta mutu, a bar shi da ƙarar cokalinsa. Shi ma bai raga musu ba. Ranar da iska ta fizge saman fuskar kantin maƙeri ta yar a tsakiyar titi, daga kan bango ya leƙo ya tambayi maƙerin ko mutanen benen sun tsira da rai. Ya raina su, sun tsane shi, kuma kowa ya san matsayinsa.

Amma ginin ya yi kyau. Wannan ko maƙiyi bai isa ya musa ba. Jan bulo ya tashi tsaf, layi bisa layi, kwaɓin farar ƙasa a tsakani siriri kamar an ja shi da zare. Da aka zo saman sai ya sa aka riƙa turo bulon waje kaɗan-kaɗan, ya zama ado ba tare da an manna komai ba. Ranar da za a ƙulle bakan babbar taga, shi da kansa ya hau ya sa dutsen, da S. MOEN a goshinsa. Ya sauko ya tsallaka titi ya kalle shi daga nesa, idonsa ya cika da ƙwalla, bai damu da wanda ya gani ba.

Bayan an gama girbin alkama Ragna ta buɗe kanti. Da sassafe ta fito da kujera ta zauna a ƙofa da kofinta, tana kallon inuwar ta miƙe, ta haye titi, ta hau matakalar Halvor ta rufe masa ƙofa ruf. Sai da ya fito sannan ta ɗaga masa kofin.

"Ina kwana, Halvor. In kana son fitila ina sayarwa."

"Lafiya lau, Ragna. Ki ji daɗinta."

Sivert ya tare a ɗakin sama, ya kafa teburin zanensa a jikin babbar taga. Masu kantuna daga garuruwan kusa suka riƙa zuwa kallo, su hau matakala su sauka, su ƙwanƙwasa bango. Duk wanda ya yi wa tayin aiki sai ya sosa ƙeya ya ce bari dai jirgi ya iso tukuna.

Sanyi ya fara shigowa sai wani manomi ya zo sayen ƙusa, ya tambayi Ragna ko ita ta sa aka cire turakun bayan coci. Sivert na kan matakala ya ji. Ko kwat bai ɗauka ba ya fita da gudu. Ba turke ko ɗaya, sai ramukansu. An mayar da su can arewa, ƙetaren fadama, tafiyar da ta fi ƙarfin mai ɗauke da buhu. Kamfanin ya yanke shawarar yanka nasa garin a nasa filin, ya kafa tasha a can, da rumbun sayen alkama. Filin da ke maƙwabtaka da tashar kuwa gonar Halvor Brekke ce. Ko ya sani tun farko, ko sa'a ce ya taka, har yau ba a daina musu a kai ba.

Aka yi taro a coci. Halvor ya miƙe ya ce ba wata doguwar magana, da zarar ƙanƙara ta yi tauri za a tashi, dawakinsa na nan ga kowa. Mutane suka gyaɗa kai kamar zancen zuwa kasuwa ake yi. Da yawansu wannan ba shi ne karo na farko da suka ja gida suka bi dogo ba.

Sivert ya tashi. "Ku tsaya mana! Gari ake ja kamar akuya? Ga rijiya a nan, ga kaburburanku a bayan cocin nan. In kuka zauna, dole kamfani ya kawo muku reshen dogo."

"Dole?" in ji wanzami. "Kai za ka sa shi?"

"Manomi inda zai sayar da alkama yake zuwa, Farfesa," in ji Halvor. "A can zai sayi gishiri, a can zai yi aski. Amma kada ka damu, ba mu manta da ku ba. Ka faɗa min ta ina zan ɗaura igiya a jikin ginin naka. Doki nawa kake ganin zai isa?"

Cocin ya ɗauki dariya, har fasto sai da ya sunkuyar da kai. Ragna ta miƙe ta fita, Sivert ya bi ta. Sai da suka isa kanti ta rufe ƙofa sannan ta juyo masa.

"Kai ka ce bulo. Kai ka ce harsashi mai zurfi. Na ce maka inuwa nake so, da katako ma ai ana yin inuwa!"

"Ke kika ja ni bayan coci kika nuna min turaku! Ke 'yar gari ce, ni baƙo!"

"Baƙon da ya fi kowa sani! Baƙon da ya zo yana dukan gindin kantunan mutane da ƙafa yana ce musu malalata!"

"Ke ma matsorata kika ce musu."

Ta ɗauki ma'aunin ƙusa ta jefe shi da shi, ya kauce, ya daki bango. Bangon ko gezau.

Ƙanƙara ta zubo, ta kwanta, ta yi tauri. Aka fara tashin gari. Sai a ɗaga kanti da jak, a zura masa manyan gungumai biyu a ƙasa, a ɗaura dawaki a jere, a yi musu tsawa. Kanti ya yi ƙara, ya girgiza, sai ka ga ya zame ya kama hanya. Ba a ko sauke kaya daga kanta. Wurin cin abinci ya tafi da hayaƙi na fita ta bututunsa, matar mai wurin na juya miya a ciki. Wanzami ya tafi da mutum a kujera, rabin gemu a aske. Cocin ya bi bayansu, ƙararrawarsa na kaɗa kanta duk inda aka taka gargada. Sivert na tsaye a babbar taga yana kallon titin na zubewa kamar haƙoran tsoho.

Kantin Halvor ne na ƙarshe. Maimakon a miƙe arewa, sai ya sa aka karkato da dawakin aka bi ta gindin ginin bulo, a hankali. Sivert ya ga wani abu ya canza a fuskar ƙaryar: ɗaya daga tagogin fentin an yanke ta da zarto, ta zama rami. Sai ga jan gemu ya leƙo ta ciki. Halvor ne a tsaye kan rufi, fuskarsa daidai da ta Sivert, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba.

"Farfesa! Ka taɓa tambaya wa ke kwana a benen nan. To ga ni! Mu mun tafi. A gaida iska!"

Masu jan dawaki suka yi ta ihu. Sivert ya tsaya ƙiƙam, ya ji kamar ya fasa gilashin ya shaƙe shi, amma gilashin nasa ne, daga Minneapolis ya yi odarsa. Ya bi kantin da ido har ya ƙanƙance cikin farin fili. Washegari rana ta fito, inuwar ta tsallaka titi kamar kullum, ta kwanta a kan 'yan duwatsun da kantin Halvor ya bari.

Hunturun nan su biyu suka ci shi a ginin, ita a ƙasa shi a sama. Ba mai saye. Wani lokaci a yi kwanaki ba a ji motsin kowa ba sai kukan jirgi daga sabuwar tasha a arewa, wanda in ya taso Ragna kan daki silin da sanda don ta tabbatar Sivert ya ji. In ya sauko ɗiban gawayi ta juya masa baya. Abinci takan ajiye masa a matakala yadda ake ajiye wa kare, shi ma ya mayar da kwanon bai ce an gode ba. Abu guda ya rage masa: in ya fita ya tsaya a tsakiyar abin da a da titi ne, ginin na nan yadda ya zana shi, ba ƙarya ko ta bulo ɗaya. Da wannan yake rarrashin kansa.

Da ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki, Ragna ta hau benen a karo na farko. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na kama fili a sabon gari. Daidai tsallaken Halvor, ta gabas. Kafinta ya kusa gama min rumfa."

"Allah ya sa alheri."

"Za ka sauke min bangon gaba. Shi kaɗai. Bulo ɗaya-ɗaya, da tagogin, da bakan. Ka je ka tayar da shi a gaban rumfar."

Sivert ya ɗauka bai ji daidai ba. Da ya gane, sai da ya dafa tebur. "Fuskar ƙarya kike so in yi miki? Da ginina?"

"Da ginina," in ji Ragna.

"Na rantse da Allah ba zan yi ba. Ki kashe ni."

"Me zan yi da gawarka? Ka ji, Mista Moen. In ba ka yi ba, akwai masu guduma a sabon gari da za su yi min a kyauta, don daɗi kawai. Su rushe, su kwasa, maƙeri ya jera shi yadda ya ga dama, bakan ya karkace kamar bakin mai shanyewar jiki, sunanka a tsakiya. Zaɓi naka ne."

"To ki bar min dutsen. Ki ɗauki komai, ki bar min dutsen."

"Ba kai ka ce min shi ke riƙe bakan ba? Ba kai ka cika min kunne cewa in aka zare shi komai zai zubo? Da a gefen ƙofa ka sa sunan kamar kowa, da na bar maka."

Ya yi. Me zai yi in bai yi ba? Ya hau da kansa, ya riƙa ɓamɓare bulon yana kankare farar ƙasar, tana saki ba gardama, don kwaɓin mai kyau ne. Dawakin Halvor ne suka zo kwasa. Da aka gama, ginin ya tsaya baki buɗe, ana hango matakala da teburin zane daga cikin ciyawa. Sivert bai waiwaya ba.

A sabon gari bangon ya tashi a gaban rumfa mai hawa ɗaya, aka tokare shi ta baya da dogayen ƙarafa. Tagogin sama gilashi ne na gaske, sai dai in ka ɗaga kai sama kake gani ta cikinsu, don haka Ragna ta rataya musu labule. Ranar ƙulle baka Sivert ya kori kowa daga kan katakon hawa. Ya ɗauki dutsen, ya juya shi, ya sa goshin da ba rubutu ta wajen titi, sunan ya koma baya. A ransa ya ce ya dai tsira da wannan: mai wucewa ba zai taɓa haɗa sunansa da abin kunyar nan ba.

Ragna ta samu inuwarta. Ta fito da kujera da kofi, kamar ba abin da ya faru a tsakani.

Sivert na ɗaure akwatinsa a wurin cin abinci, jirgin yamma zai bi, bai ma san ina za shi ba, sai ga Halvor ya shigo da wani baƙo mai hular birni.

"Taso, Farfesa, ka ga wani abu."

"Ba ni da abin gani a garin nan."

"Haba, taso mana. Baƙo ne ya zo takanas."

Ya ja su suka tsallaka titi, amma bai tsaya a gaban kantin Ragna ba. Ya zaga ta gefe, ta ɗan lungun da ke tsakaninsa da na wanzami, har suka fito ta baya. Ya ɗaga hannu ya nuna. Ga rufin rumfa a ƙasa, ga ƙarafan tokara, ga labule na kaɗawa a fili ba ɗaki. A can sama, inda rana ta haska tas, S. MOEN.

"Ka ga, ni ma na koyi zagayawa," in ji Halvor. "Na zaga in ga benen, sai na tarar da sama, da tsuntsaye, da kai. Ai gara da ka sa shi nan. Duk wanda ya zo ganin yadda aka shirya ƙaryar, ya san wanda zai nema."

Kunya ta rufe Sivert, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baƙon kuwa ko a jikinsa. Ya cire hula, ya ce shi mai kantin magani ne a wani sabon gari da ke gaba a kan dogon nan, tun daga tagar jirgi ya hango bangon ya sauko. "Ban taɓa ganin irinsa ba, Mista Moen. Daga titi wa zai ce ba banki ba ne? Irinsa sak nake so. Bulo a gaba kawai, baya ko da kwali ne ba ruwana. Kuma ba ni kaɗai ba, mu da yawa ne a layin nan."

Halvor ya harɗe hannu yana jira, gemunsa na rawa don dariya. Ta tagar baya Ragna ma ta leƙo. Can nesa jirgin yamma ya yi kuka. Sivert ya tuna da maigidansa na Minneapolis da kajinsa, ya tuna da bango uku da ya bari tsaye cikin ciyawa. Ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro fensir, bai dubi kowa ba.

"Wane ne a tsallaken titinka," in ji shi, "kuma ina tsayin fuskar kantinsa ya kai?"